Hannun Mai Agogo a Rumfar Shanu

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a wani ɗan shago da ke matse tsakanin mai sayar da takalma da mai ɗinkin jakunkuna. In ka leƙa, tsakiyar kansa za ka fara gani, don kullum a sunkuye yake, ido ɗaya maƙale da ɗan gilashin nan mai ƙara wa abu girma. Ba shi da yawan magana, sai fa in an taɓo zancen hannu. Yakan ce akwai waɗanda Allah ya ba kai, akwai waɗanda ya ba baki, shi kuwa hannu aka ba shi, kuma ba ya neman ƙari. Ba cika baki ba ne kawai. Ƙusar da za ta ɓuya a ƙarƙashin farcenka, shi da hantsaki yake ɗaukar ta ya zaunar da ita a gurbinta yana amsa gaisuwar masu wucewa.

Ranar da ya rufe shagon, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce waya ce ta kashe sana'ar, yanzu kowa lokacinsa yana aljihunsa. Mutane suka gyaɗa kai, suka yi wa zamani tsaki, suka wuce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta kore shi ba. Wata safiya ce ya ɗauki ƙusa da hantsaki ta faɗi, ya sake ɗauka ta sake faɗuwa, a ta uku ya ajiye hantsakin ya dubi hannunsa na dama. Babban yatsa da manuniya suna wata 'yar rawa tasu, ba da izininsa ba. Ya jira ta lafa, ta lafa, washegari ta dawo. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Mutumin da ya cika wa duniya kunne da cewa hannu ne kaɗai arzikinsa, da wane baki zai ce hannun ya fara yi masa tawaye? Sai ya koyi cusa shi a aljihu, ya koyi gaisawa da sauri, ya kwashe kayan aikinsa a akwatin gwangwani ya koma gida.

A gida kuwa akwai shanu shida a bayan katanga, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai ƙyaure. Tun suna biyu matarsa take kula da su. Ita ke tatsa, ita ke jiƙa dusa, ita ta san wadda ke shuri da wadda ke ɓoye nono. Shi dai saninsa da su bai wuce madarar da ake zuba masa a shayi ba. Amma wanda ya saba da aiki ba ya iya zaman banza, don haka a mako na biyu ya naɗa kansa shugaban garke. Ya buga ƙusa a ginshiƙin rumfa ya rataye agogon bango, ya rubuta jadawali ya manna a ƙasansa: ruwa ƙarfe shida da kwata, dusa bakwai saura minti goma. Shanun ba su karanta ba. Ya raɗa musu sunaye irin na shago. Akwai Mai Latti, wadda kullum ita ce ƙarshen zuwa komi, akwai Gaggawa, akwai kuma Ƙararrawa, wata ja mai faɗin baya da take kuka da asuba ba ta taɓa fashi ba. Ita ya fi so, don a ganinsa ita kaɗai ce mai tarbiyya a garken.

Matar ta ƙyale shi. Ta daɗe da gane cewa in maigida ya sami abin da zai shagaltar da shi, gidan ma ya huta. In ya leƙo ya ce mata, "Kin makara da minti takwas," sai ta ce, "To, Malam, ka ba shanun haƙuri a madadina," ta ci gaba da tatsarta.

Rigimar daga bijimi ta faro. Ban da shanun nan shida, akwai wani ƙato a garken, ci kamar ba gobe, aikinsa kuwa bai fi sau shida a shekara ba, sauran kwanakin yana fasa shinge yana firgita maƙwabta. Rannan Mai Agogo ya je gyara masa igiya, sai bijimin ya ɗan gogi jikinsa da kafaɗa, ko ƙaho bai sa ba, sai ga shugaban garke zaune a cikin komin ruwa, ƙafafu a sama. Kafin mako ya zagayo an sayar da bijimin. Mai Agogo ya ce ba don abin da ya faru ba ne, don ci gaba ne. Ai yanzu akwai bayen zamani. Ana kawo irin bijimai na kirki, masu ba da 'ya'ya masu madara, a daskare cikin wani siririn tsinken roba, a ɗura wa saniya ranar da take neman namiji, ba ƙaho, ba fasa shinge.

Mai yin wannan aiki a yankin wata likitar dabbobi ce, matashiya, mai yawo a babur da akwati ɗaure a baya. Ita kaɗai ce ga garkuna da yawa, wayarta ba ta hutawa. Zuwanta na farko ta yi wa Gaggawa, ta kuwa ɗauka. A na biyu aka sami tangarɗa. Saniya in ta fara neman namiji, sa'o'i kaɗan gare ka. In ta nuna da safe, da yamma ake yi mata, in ka wuce kuwa sai bayan mako uku. Da sassafe matar ta ce masa Mai Latti ta tashi, ta ce ya kira Likita. Ya duba jadawalinsa ya ce ba zai yiwu ba, a lissafinsa saura kwana biyu. Bai kira ba sai washegari da rana, Likita ta iso ta tarar abin ya riga ya wuce. A bakin Mai Agogo labarin ya koma Likita ce ta makara, kuma a duniyarsa babu laifin da ya kai makara.

Ana haka ya ji cewa ƙungiyar masu shanu tana ba da horo na mako guda, wanda ya gama a ba shi takardar shaida da kayan aiki, ya riƙa yi wa nasa da kansa. Ya sanar da wannan shawara wata yamma a tsakar gida, ƙanin matarsa yana nan. Shi wannan direban babbar mota ne, in yana gari a gidan yayarsa yake cin abinci, kuma bai taɓa raga wa mijinta ba.

"Kai da kanka, Yaya?" in ji Direba. "Har kafaɗa?"

"Har kafaɗa."

"Ikon Allah. Bijimin da ka kora dai bai je makaranta ba, ba shi da takarda, amma ban taɓa jin ya faɗi jarrabawa ba."

Matar ta harari ƙaninta tana danne dariya, sannan ta juya ga mijinta. "Malam, a bar wa yarinyar nan aikinta mana. Ita kullum shi take yi, hannunta ya saba. Mu shanu nawa gare mu? Sau nawa za ka yi a shekara? Kafin wata ta sake nema ka manta inda ka tsaya."

"Ni zan manta?" in ji Mai Agogo. "Agogon da na buɗe shekara ashirin da suka wuce, kawo shi yanzu in gaya miki abin da ke cikinsa. Wanda ya yi aiki a cikin abu kamar ƙwayar wake ne zai ɓace a cikin saniya? Wuri ga shi nan kamar falo."

"Falo ne mara fitila," in ji Direba.

Abin da Mai Agogo bai faɗa ba shi ne, saboda hannun yake son aikin. Tun da ya bar shago bai yi wani abu da za a ce sai shi ba, kuma wannan yana cin sa fiye da yadda zai iya faɗi. To ga aikin hannu ya samu, mai manyan kaya, babu ƙusa mai faɗuwa, kuma rabinsa a cikin duhu ake yi, inda ba wanda zai ga yatsa yana rawa. In Ƙararrawa ta ɗauki ciki ta hannunsa, ashe hannun yana nan daram, 'yar rawar gajiya ce kawai. Wannan shi ne duk abin da ya sa a gaba, ba madara ba, ba maraƙi ba.

Ya je horon. Shi ne dattijon ajin, a gaba yake zama, yana rubuta har tarin malami. Aka nuna musu tulun ƙarfe da ake ajiye tsinken iri a ciki, mai sanyin da in ya taɓa fata sai ya ƙona ta. Da hantsaki ake zaro tsinken, a jefa shi cikin ruwa mai ɗumi na daƙiƙa talatin, a datse bakinsa da almakashi, a zura shi cikin wani dogon ƙarfe siriri da masu aikin suke kira bindiga, a sa wa bindigar rigar roba. Daga nan sai a ja safar leda har kafaɗa, hannun hagu ya shiga ta dubura ya laluba ya riƙe bakin mahaifa daga sama, na dama ya bi da bindigar a hankali har ta wuce, a danna. A wurin gwaji Mai Agogo yakan bar wa abokin zamansa zaro tsinke, shi ya yi na ciki, kuma malamin ya yaba masa a gaban kowa. Malamin ya yi ta nanata tsabta. Ya ce a goge kayan da busasshiyar takarda mai tsabta, ya wadatar. Mai Agogo ya rubuta, amma a ransa ya ce wannan ai tsabtar malalata ce.

Ya dawo gida da takardar shaida, da bindiga, da tsinke huɗu da aka ajiye masa a babban tulun ƙungiya. Ranar da yake bukata sai ya je a ba shi aron ƙaramin tulu ya taho da guda.

Ba a jima ba matar ta ce masa Ƙararrawa ta tashi. Wannan karon bai duba jadawali ba. Ya je ya ɗauko tulun a rungume, da la'asar ta yi sanyi ya shiga rumfa, ya ce ko gobara ake yi kada a leƙo shi, ya ja ƙyaure. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya buɗe akwatin gwangwaninsa ya fito da 'yar kwalbar fetur da ɗan buroshi. Duk tsawon zamansa a shago bai taɓa mayar da wani ƙarfe cikin agogo ba sai ya yi masa wanka da fetur, kuma ba yau zai fara ba. Ya wanke bindigar ciki da waje. Ya wanke almakashi. Rigar robar da ta zo a rufe cikin ledarta ma ya tsoma ta, don shi ba ya yarda da tsabtar da ba shi ya yi ta ba. Ya ɗiga wa madannin bindigar ɗigo ɗaya na man agogo don ya riƙa tafiya sumul. Wurin zaro tsinke hannun ya ba shi wahala, sai da ya tallafe shi da na hagu, amma ba wanda ya gani. Na cikin kuwa ya tafi daidai yadda aka koya masa. Ya fito da kashin shanu har bayan kunne, fuskarsa tana ƙyalli kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Kwana ashirin yana zagaya saniyar yana yi mata kallon girmamawa, yana ƙara mata harawa. A rana ta ashirin da ɗaya ta yi kuka irin wanda ba na asuba ba, ta hau kan Mai Latti, alamar tana sake neman namiji. Matar ta same shi yana shan shayi ta ce, a hankali, "Malam, ta dawo."

Ya ce ba komai, ko Likita ma ba kullum take dacewa ba, kuma gaskiya ne. Ya sake. Wannan karon ya ƙara tsabta, sau biyu ya wanke komai. Bayan mako uku ta dawo.

"Yaya, ko batirinta ne ya mutu?" in ji Direba. "Ka buɗe bayanta ka hura mana, ai haka kake yi wa namu."

Ya sake a karo na uku, ya jiƙa kayan a fetur tun da rana. Ta sake dawowa. Daga nan Mai Agogo ya daina amsa wa Direba. Abinci ya rage, jadawali ya tsufa a jikin ginshiƙi ba wanda ke duba shi. Da rana tsaka, in matar ta shiga ɗaki, yakan kifa bokiti a rumfa ya zauna ya ɗora hannun a kan gwiwa yana kallon sa. Lokaci daidai ne, tsabta ba a magana, iri mai kyau ne tunda irinsa Gaggawa ta ɗauka. Saura me? Ya tabbatar wa kansa cewa can a cikin duhu, inda yake zaton ya ɓoye, yatsun suna kauce wa hanya suna zubar da irin inda bai kamata ba. Tsoro ya kama shi, na gaske. Saura tsinke ɗaya, kuma a ransa ya riga ya mayar da shi alƙali. In wannan ma ya faɗi, to hannun ya tafi, shi ma sai ya lissafa kansa cikin tsofaffin da ake gaisarwa a wuce.

Ranar da Ƙararrawa ta tashi a karo na huɗu, shi ya tafi ɗauko tulu, matar kuwa ta ɗauki waya ta kira Likita ta ce Mai Latti tana ɗingishi, ta zo da la'asar ta duba. Mai Latti ba ta ɗingishi, tafiyarta ce haka tun tana maraƙa. Likita ta iso ya gama jera kayansa a kan farin ƙyalle ke nan, bai kai ga jan ƙyaure ba. Direba ma, da ya ji ƙarar babur, ya biyo ta da kwanon abinci a hannu.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Likita. Ta duƙa za ta kama ƙafar Mai Latti, sai ta ɗago tana shinshina. "Mama, babur ɗina ne yake yoyo, ko wani ya zubar da mai a nan?"

Ta bi warin har gaban tebur. Ta ɗauki bindigar ta kai hanci.

"Baba, da me kake wanke wannan?"

"Fetur," in ji Mai Agogo, da alfaharinsa. "Tatacce. Ni nake tace shi da kaina."

"Har ciki?"

"Musamman ciki."

"Almakashin fa? Da rigar?"

"Duk abin da zai shiga jikinta sai ya bi ta hannuna."

Likita ta ciji leɓe. Yarinya ce mai ladabi, ta yi iya ƙoƙarinta, amma kafaɗunta suka tona mata asiri. "Baba, abin da ke cikin tsinken nan rai gare shi. Ruwan sanyi kashe shi yake yi, sabulu ma haka, balle fetur da man agogo. Sau uku kana kai wa Ƙararrawa gawa, sai dai gawa ce mai tsabta."

Direba ya ajiye kwanon a ƙasa don kada ya zube, ya riƙe ginshiƙi. "Wallahi shi ya sa! Ciki dai ba ta ɗauka ba, amma kwanan nan na ga gudunta ya ƙaru!"

Kowa ya zaci Mai Agogo zai nemi ƙasa ta tsage ya shige. Ina. Tsaye yake, baki a buɗe, idanunsa a kan Likita. "Dakata, 'yata. Wato ba wurin na kuskure ba?"

"In ka shiga, me kake ji a hannunka?"

"Abu mai tauri kamar wuyan kaza. Zobe uku a ciki. Na biyu ya ɗan karkace hagu, sai ka ɗaga shi kaɗan kafin ƙarfen ya wuce."

Likita ta daina dariya. "Haka take. Na taɓa duba ta tun kafin ka je horo. Akwai waɗanda suke wata da watanni ba su gane wannan karkacewar ba. Wurin ka same shi, Baba, fetur ne ya ɓata maka aiki."

Sai Mai Agogo ya fashe da dariya, irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba, har ya fi Direba. Bai taɓa jin daɗin a kama shi da wauta irin na ranar ba. Ya ce a zubar da kwalbar, ya ce malamin ya faɗa shi ne ya raina, ya ce ai shi ma da ma yana zargin fetur ɗin, wanda ƙarya ce tsagwaronta.

"Da ma shanu shida ai ba sa bukatar duk wannan wahalar," in ji Likita tana buɗe akwatinta. "Wanda ya ga saniya da asuba ya kira da wuri ya yi rabin aikin, ni in ƙarasa. Rannan ma da an kira ni da safe..." Matar ta yi wani ɗan tari, Likita ta bar zancen. Ta zaro tata bindigar, busasshiya, da sabuwar riga da almakashi, ta jera a kan ƙyallen. "Amma yau taka ce, Baba. Bismillah. Ni zan riƙe maka wutsiya."

Ta yi ne don ta girmama shi, ba ta san abin da ta ɗora masa ba. Ƙyaure a buɗe yake, hasken yamma yana shigowa har kan tebur, mutum uku suna tsaye suna kallo. Ya buɗe tulun, farin tururi ya taso. Ya ɗago mazubin da tsinken yake ciki da hagu, ya kai hantsaki da dama. Wuyan tulun ƙunci gare shi, kuma tsinken ba ya son ya daɗe a sama. Hantsakin ya taɓa bakin ƙarfen, sai aka ji ƙal, ƙal, ƙal, ƙal, a jere, ba tsayawa. Ya mayar da mazubin ƙasa, ya ja numfashi, ya sake ɗagowa. Ƙarar ta fi ta farko. Direba, wanda bakinsa bai taɓa sanin hutu ba, ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rumfa.

Hanyoyin kuɓuta suna nan birjik, kuma Mai Agogo ya gan su duka. Zai iya cewa hantsakin ba irin nasa ba ne, zai iya cewa dariya ce ta saki jikinsa, zai iya cewa a fita a ba shi wuri yadda ya saba. Fetur ya riga ya ɗauke masa laifin baya, ba wanda zai ƙara tambaya. Ya dubi saniyar. Ta juyo da kai tana tuƙa, tana kallon sa, ba ta san komai ba. Ya mayar da murfin tulun a hankali.

"Zo ki karɓa, 'yata."

"Baba, in ɗora maka tsinken, kai ka ƙarasa na ciki."

"A'a. Da wannan hannun zan bi da ƙarfe a jikinta. Sau uku na yi sa'a ban ji mata ciwo ba, ba zan gwada na huɗu ba. Ba ta yi min laifin komai ba. Yi aikinki."

Likita ta karɓi hantsakin, ta juya musu baya ta shiga aikinta. Shi kuwa, maimakon ya cusa hannun a aljihu, sai ya ɗaga shi a fili ya bar shi yana rawarsa. Ba Likita ya kalla ba, ba Direba ba. Matarsa ya kalla, kuma muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Kin gan shi. Shi ya fitar da ni daga shago, ba waya ba. Shekara biyu ke nan yana yi min haka, na kasa gaya miki."

"Da wata huɗu," in ji ta.

"Na'am?"

"Shekara biyu da wata huɗu, Malam. Ina tsaye a bayanka ranar da ka kasa ɓalla maɓallin wuya, ka ce ramin ne ya tsuke. A makon na bi rigunanka duka na cire ƙananan na sa manya, na buɗa ramukan. Jira nake ka faɗa da bakinka."

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Maɓallai ne manya, baƙaƙe, masu kauri, a jere tun daga wuya har ƙasa, kowanne an ɗinke shi da zare ninki biyu. Kullum da safe yake ɓalla su, shi da ake cewa ba abin da ke wuce idonsa, bai taɓa lura ba. Ya kai hannun zai taɓa na sama, yatsun suka kasa tsayawa a kansa. Idanunsa suka cika da hawayen kunya da godiya.

"A riƙe mata kai," in ji Likita daga baya, hannunta ya riga ya shiga har kafaɗa.

Matar ta kama hannun nasa yadda yake, da rawarsa, ta ɗora shi a wuyan saniyar, ta danne shi da nata.

"Tsaya nan kusa da ni," ta ce. "Ta fi nutsuwa in mu biyu ne."